Lambar Ciwon Yaya

Aikin Auta a asibiti shi ne mayar da ciwo lamba. Likita ya rubuta abin da ya gani, ita ta shigar da lambar cutar a kwamfuta, sannan kamfanin inshora ya amince a yi magani. Bayan an cire wa Yayarta mahaifa, da hannunta ta sa mata lambar wadda ta taɓa yin kansa, wato ciwon daji, ta warke.

Sai ga cikin Yaya ya sake kumbura, ko shayi ba ya zama. Kamfanin ya ƙi amincewa da maganin kansa, don a wurinsu matar lafiyarta lau.

Auta ta tare likita a ƙofar ɗakin tiyata.

"Don Allah, likita, ka goge 'ana zargi' ɗin nan da ka rubuta a fayil ɗin Yaya. Zargi ba shi da lamba. Ka rubuta ciwon ya dawo."

"Sai sakamakon tsokar da muka ɗiba ya fito."

"Kai ma ka san ya dawo!"

"Ina jin haka. Amma ba na rubuta abin da ban tabbatar ba, kin fi kowa sani."

Ta koma ofis, gaba kura baya siyaki. In ta canza lambar da kanta aka gano, za a rufe fayil ɗin gaba ɗaya. In ta jira, Yaya na ƙarewa a kan gado. Ta ɗora yatsa a kan madannin kwamfutar, ta janye.

Ta mayar da ƙofar ɗakin gwaji wurin zamanta, har ma'aikatan suka fara sunkuyar da kai in sun hango ta. Wata rana ta ji bakinta yana roƙon Allah takardar ta ce ciwon ne, ta yi maza ta yi istigfari.

Yaya kuwa ba ta fasa tsokana ba. "Ke ce mai rabon lamba, amma ni kika bari a layi? Haka ake 'yan'uwantaka?"

Da sakamakon ya fito, likita ya rubuta a fili: kansa ta dawo, ta kama tantanin da ya lulluɓe kayan ciki. Auta ta shigar da lambar. Kafin a tashi aiki amincewa ta zo.

Da gudu ta shiga ɗakin marasa lafiya, bakinta har kunne. "Yaya, sun amince! Gobe za a fara!"

Yaya ta daɗe tana kallonta. "To, ya dawo ke nan."

Murmushin Auta ya mutu a fuskarta. Yaya ta matsa da ƙyar, ta buga gefen katifar.

"Zo ki zauna kusa da ni."