Kogin da Ya Canja Hanya

Tun zamanin kakanni kogin nan ne iyakar gundumomi biyu, ƙauyen kuma yana ɓangaren gabas. Wata damina, shekara tara da suka wuce, kogin ya yi ambaliya, ya bar tsohuwar hanyarsa ta yamma da ƙauyen, ya fasa sabuwa ta gabas da shi. Ko ɗaki ɗaya bai matsa ba, amma ruwa ya shiga tsakanin yara da makarantarsu. Iyaye suka gaji da jira, suka buga bulo, suka gina aji uku, suka damƙa wa Malama.

Bana ne yaranta na farko, su goma sha ɗaya, suka kai jarrabawar gama firamare, kuma ran Alhamis za a rufe rajista.

Ran Litinin ta shiga kwalekwale da takardar sunayen a jaka, ta nufi ofishin ilimi na gabas. Jami'in yana yanke farce, ko kujera bai nuna mata ba.

"Malama, da za ki zo nan kin haye kogi?"

"Na haye, Yallaɓai."

"To, ai kin ba kanki amsa. Doka ta ce kogi ne iyaka. Ku 'yan yamma ne."

"Yallaɓai, a nan aka ba ni takardar haihuwa! Ubana ne ya yi rufin ofishin nan."

"Allah ya jiƙansa. Na gaba!"

Ta fito tana huci. Ita da take hana yara zagi, ranar sai da ta yi guda biyu a zuci, masu kyau.

Ran Laraba ta kama hanyar yamma da ƙafa. Ta ratsa tsohon kwarin kogin, inda yanzu albasa ake nomawa, ta yi awa biyu kafin ta sami mota. Jami'in can mutum ne mai fara'a, wanda hakan ya fi ƙona mata rai. Ya ba ta ruwa, ya ja ta gaban wata taswira da ta yi jawur don tsufa, ya ɗora yatsa a kan shuɗin layi.

"Ga kogi. Ga ku can a hayinsa. 'Yan gabas ne ku."

"Yau na taka wurin da yatsanka yake, ranka ya daɗe. Dubi takalmina, akwai laima? Albasa ce a wurin!"

"Ni dai abin da ke jikin bango nake bi."

"To, a gyara na jikin bangon mana."

"Wannan sai daga sama." Sai fuskarsa ta washe kamar ya samo magani. "Ki yi haƙuri, Malama. Kogi ne fa. Yadda ya tafi, wata rana zai iya komawa."

Malama ta dube shi har sai da ya daina murmushi. Wato yara goma sha ɗaya su zauna jiran ruwa ya yi tunani! Ta naɗe takardarta, ta bar masa ruwansa ko kurɓa ba ta yi ba.

Ran Alhamis yaran suna aji tun da sassafe, kowa ya feƙe fensir. A bango akwai irin taswirar nan, wadda ta sa su haddace duwatsunta da kasuwanninta da shekarar da aka kafa kowane gari, don ana tambaya a jarrabawa. 'Yar ƙanwarta, wadda ta fi kowa ƙoƙari, ta ɗaga hannu.

"Malama, idan an ce mu rubuta gundumarmu, wacce za mu sa?"

Malama ta nufi bango. Ta ɓamɓare taswirar daga bango, ta ninka ta biyu, ta toshe tagar da ta fashe tun bara, wadda iska ke shigowa ta ciki.

"Yau dai ta yi mana aiki ɗaya," in ji ta. "Ku ajiye fensir, yarana. Bana ba wanda zai tambaye ku."