Ɓaunar da Ta Dawo Gida

Wirsiy bai daɗe da kama aiki a gidan tarihin fada ba aka dawo da Ɓauna daga Turai. Fuskar dodo ce ta itace mai ƙaho biyu, wadda sojoji suka yi awon gaba da ita tun zamanin kakanni. Shi kuwa ɗaukar gwaji aka yi masa, ga ɗakin ba komai sai tukwane da kujerun da gara ta ɗanɗana. Zuwan Ɓauna ne ya sa masu tallafi suka ce su za su riƙa biyan mai kula da ita. Nan da nan gogan naka ya soma leƙa shagon tela yana taɓa yadin kwat.

Baturiyar da ta rako akwatin ta ja shi gefe kafin ta tafi. Ta ce masu ajiyar dā, can ƙasarsu, sun jiƙa itacen da guba don maganin ƙwari, kuma gubar ba ta fita. In tana cikin gilashi ba matsala. Amma wanda ya sa ta a ka ya yi gumi a ciki, za ta bi shi ta fata da numfashi. Ba ranar zai faɗi ba, a hankali za ta ci shi.

Wirsiy ɗan garin ne, ya san ƙa'ida: dodon da ba ya iya rawa ya mutu, binne shi ake yi kamar mutum. Sai ya ja bakinsa ya tsuke.

Bikin shekara ya matso, sai ga Pa Lukong, shugaban masu dodanni, da ɗansa Banla, wani ƙato mai wuya kamar turmi, wanda zai yi rawar.

"Ɗan boko, buɗe mana," in ji tsohon. "'Yarmu ta gaji da kwanciya."

"Pa, a ɗan zauna mana. In aika a kawo bammi?"

"Iye! Yau kai ne da tayin bammi? Me ka fasa?"

Banla ya manna goshi a gilashin yana dariya. "Ni dai fatana ta shiga kaina. Kullum sai na hau tudu da gudu saboda ita, har matata ta ce ko bina ake yi."

Wirsiy ya ce a ransa, sau ɗaya ne fa a shekara. A yi rawa, a dawo da ita gilashi, aiki ya tabbata, wa zai sani? Wirsiy ya dubi wuyan Banla, tun yanzu gumi ke tsattsafowa. Tsoro ya kama shi, ga haushin kansa. Ya faɗa musu komai.

Pa Lukong ya juyo ya dube shi.

"In an wanke fa?"

"Ba ta fita, Pa."

"Zuwa yaushe?"

"Har abada."

"Ashe gawa suka aiko mana."

"Pa, a bar ta nan mana, yara su riƙa gani..."

"Kai yaro, a gidanku baje gawa ake yi ana kallo? Abin da aka yi mata can bai isa ba?"

Sarki ya goyi bayan dattawa. Masu tallafi suka ce sun yi baƙin ciki ƙwarai, suka janye.

Aka haƙa kabarin a kurmin bayan fada. Da aka zo ɗauka, kowa ya noƙe, har masu cika bakin, dole aka kira Wirsiy. Ya sa safar hannu, ya naɗe ta da farar takarda kamar yadda aka koya masa a makaranta, ya cusa auduga ƙarƙashin ƙahonin don kada su karye. Ya shiga ramin da kansa ya kwantar da ita, ya gyara mata zama har sau biyu.

Pa Lukong ya leƙo daga sama, ya kaɗa kai.

"Kai, yaron nan ya iya aikinsa."

Ranar Litinin ya kai makulli fada, aka karɓa aka yi masa godiya.