Na Goya Lissafi Zuwa Zauren Jarrabawa

Jiya da na kwanta, wani mafarki ya ɗauke ni, har yanzu bai gama sakina ba.

Na gan ni a jami'armu, na je rajistar kwas ɗin lissafi da na faɗi bara, wanda ya hana ni fita tare da 'yan ajinmu. Wannan ce semistar ƙarshe da doka ta ba ni. In na sake faɗi, sallamata za a yi babu digiri. Ko a farke haka abin yake.

Rana tsaka ce, amma makarantar fayau. Inuwoyin ɗalibai ne kawai ke bin layi a ƙofar ofishin rajista, masu su ba su zo ba. Na yi sallama, suka matsa mini na wuce.

A ciki wani rago ne a kan kujera mai juyawa, sanye da tabarau, yana tuƙa.

"Aji nawa kake?" in ji shi.

"Na gama aji huɗu, ranka ya daɗe, amma ban fita ba."

"To kana aji huɗu da rabi. Ku ba a yi muku kujera ba. Ga kariyobanka, kwas ɗin da ka faɗi, can a lungu, ɗauki abinka."

Na waiwaya na ga wani tsoho siriri, gemunsa duk alli. Ya ce shi ne Lissafi.

"Durƙusa, ɗana."

Na durƙusa na goya shi. Ba shi da wani nauyi, sai in na tuna gida, a nan ne nake jin nauyinsa.

Sai ga mu a wata kasuwa da ban taɓa gani ba a bayan laburare. Tsohon ya ce a nan kwas na zaɓi shi ke zaɓen ɗalibi, na tilas kuwa bin mutum yake yi har masallaci. Kwasa-kwasan suna zazzaune a rumfuna suna fifita. Duk wanda ya hango abin da ke bayana sai ya kau da kai.

A filin ƙwallo ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama. 'Yan ajinmu na tsaye cikin rigunan yaye, kowa ya kama ɗigo ɗaya yana tashi da shi. Na hango Lurwanu, wanda muka yi shekara huɗu ɗaki ɗaya, muna cin garin kwaki a kwano ɗaya.

"Lurwanu! Ku jira ni, semista ɗaya ce!"

Ya leƙo ƙasa yana murmushi kamar mai ƙoƙarin tuna inda ya san ni.

"Tasi'u ne? Ai nan sama babu semista. Ka gaida mutanen makaranta."

Na miƙa hannu in kama nawa ɗigon, ya kauce. Na tsaya har filin ya bushe.

"Kowa wuce ni yake yi," in ji tsohon a kunnena. "Su ci ni, su tafi, ko waiwaye babu. Kai kaɗai ka taɓa dawowa."

"Ba don ina so ba ne, Baba."

"Na sani. Amma dai ka dawo."

Zauren jarrabawa ba shi da iyaka, kujeru har inda ido ya gaji, ni kaɗai a ciki. Tsohon ya sauko daga bayana ya zauna a gabana. Ya ce tambaya ɗaya ce, ita ce da makin duka.

"In ka fita daga nan, wa ke jiranka a waje?"

Na buɗe baki. Na bi sunayen da na sani ɗaya bayan ɗaya, duk sun hau sama. Ina cikin haka sai aka buga ƙofar zauren, ƙwan-ƙwan-ƙwan. Fuskar tsohon ta canja.

"Ashe kana da mai jira," ya ce a hankali. "Tashi ka je, ka ci."

Na zabura da gudu, sai na farka a ɗakina na hostel, gadon Lurwanu ko katifa babu. Bugun ƙofar na nan bai tsaya ba. Na diro babu takalmi na buɗe.

Wani sabon ɗalibi ne riƙe da bokiti, yana buga ƙofar maƙwabta, yana kiran wani Mudassir.