Waƙar da Salome ta ɗauko gidan likita

Salome, matata, ta ɗauko wata waƙa daga gidan wani likita ɗan Japan na asibitin mishan, inda take dahuwa. Daga madafa take jin kiɗin, mai sanyi, kamar tafiyar raƙumi. Ta ɗauka waƙar sujada ce ta ƙasarsu. Ta sa mata kalmomin yabo, ta koya wa matan zumunta don Kirsimati.

Ɗanmu Ezra, direban asibiti, ya ja ni gidan likitan. A talabijin na ga wani ɗan mutum yana ratsa daji, ƴaƴan likita suna tuƙa shi da maɓalli. Duk inda ya taka, kiɗin Salome na biye da shi.

"Mi yaka biɗa?" na ce.

"Dodanni, Baba. Wasan yara na. Ku hwaɗa ma Inna kahin a yi mata dariya cikin majami'a."

Da marece muka iske ta tana surfe, tana rerawa. Rabona da jin muryarta haka tun muna garin Buza, kafin mu binne ƴarmu Ni'ima.

Ezra ya dube ni, yana jira.

"Ba ni hwaɗa mata," na ce. "Kai ma ba ka hwaɗa."