Ruwan Zauren Inna Tambaya

Ranar Talata da safe Baba ya hau jirgin ƙasa na Kwatano. A tashar Parakou ya ja ni gefe, yana ta waige-waige.

"Safiyatu, baƙon nan amana ne. Kada takarda ta taɓa hannunsa kafin Alhamis."

Baba wakilin Zongo ne, unguwarmu ta Hausawa, a majalisar juyin juya hali. Kwamitinsu ne ya naɗa baƙon namu, alƙali Massaoudou, ya binciki takin manoman auduga da ya ɓace, aka ce motocin wani babban minista ne suka kwashe. Da binciken ya matso kusa da shi, sai ministan ya sa aka rubuta takardar mayar da alƙalin wani gari can kudu. In ya karɓa ya sa hannu, aikinsa ya ƙare. Ranar Alhamis kwamiti zai zauna a Kwatano ya hana a taɓa shi har ya gama, in Baba ya samu masu goya masa baya.

Da azahar muka shiga motar Djougou, ni da alƙalin, domin direbobin da suka ɗauki takin can suke. Muka sauka gidan kakata, Inna Tambaya, inda fataken goro suke sauka tun zamanin kakanni. Aka ba shi ɗakin baya. Direbobi suka riƙa shigowa ɗaya-ɗaya ta ƙofar awaki, yana rubuta abin da suka faɗa.

Na kasa zama. In share zaure, in leƙa hanya, in sake sharewa. Ko babur ya wuce sai gabana ya faɗi.

Laraba da hantsi jandarma ya yi sallama, da ambulan a aljihun gaba. Inna ba ta iya tashi, ƙafafunta sun kumbura, don haka ni na fita. Ni da ko a kasuwa ba na iya taya kaya.

"Kamarad, alƙali na ciki?" ya ce, da irin kiran da 'yan juyin juya hali suke yi wa kowa.

"Yana ciki." Ban iya ƙarya ba, ban kuma iya kallonsa ba.

"To, ba ni hanya."

Ban matsa ba.

"Wa ke nan?" in ji Inna daga tsakar gida. "Muryar nan ta gidan Awwalu ce. Kabirou ne? Kai da ka yi mini fitsari a zane, yau kai ne kamarad?"

"Ina kwana, Inna. Aiki ne ya kawo ni."

"Ubanka shekara goma sha ɗaya yana sauke goronsa a zauren nan, bai taɓa tsallake shi da takalmi ba. Safiyatu, kin bar mutum tsaye a rana?"

Na ɗebo ruwa a randa na kawo a ƙwarya. A gidan saukar fatake, duk wanda ya sha ruwan zaure ya zama baƙon gida. Baƙo ba ya kai wa baƙo magana sai ta hannun mai gida, mai gida kuma ba ya sauraron buƙatar baƙo sai ya kwana. Kowa a Djougou ya san haka. Kabirou ma ya sani.

Na durƙusa na miƙa. Bai karɓa ba. Ya dubi hanya, ya dubi aljihunsa.

"An ce in kai yau," ya ce a hankali.

"Ka sha rana, Yaya," na ce. Shi ke nan abin da ya zo mini.

Sannan ya cire hula, ya tsuguna, ya shanye.

Ya kwana a zaure, ni ma na kwana da fargaba. Alhamis da safe ya tashi ya gyara ɗamara.

"Na kwana, Inna. Yanzu fa?"

"Mai gida mace ce, sai ta gama girki."

Na yi girkin da ban taɓa yin mai jinkirinsa ba. Na tsince shinkafa sau uku. Saura direba ɗaya a ɗakin baya, takardar wayar Baba kuma ba ta zo daga Kwatano ba. Azahar ta yi. Kabirou ya ci, ya wanke hannu, ya fito da ambulan ya ɗora a gwiwarsa. Ba ni da sauran abin da zan dafa.

Ana kiran la'asar ma'aikacin gidan waya ya jingine kekensa a bakin zaure. Na karɓi takardar, na haɗa baƙaƙen da ƙyar, sannan na miƙa wa Kabirou. Kwamiti ya ce alƙali Massaoudou na nan kan aikinsa har ya kai rahoto gaban majalisa.

Kabirou ya karanta sau biyu, ya mayar da ambulan aljihu.

"Kyaftin ɗin da ya aiko ni zai ci mutuncina," ya ce.

"Ka ce masa tsohuwa ce ta tsare ka," in ji Inna.

Ya sa takalminsa a waje. Ni kuwa na zauna a dakali, sai a lokacin na ji yunwa.