Fom Ɗaya a Hannun Kawu Mwadkon

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Sau uku ina yaga takardar. Rubutu yana ba ni wahala, don a aji shida na firamare na tsaya, kuma abin da zan faɗa ba abin yabo ba ne a gare ni. Amma tunda bakina ya kasa faɗa a ranar da ya kamata, bari in gwada da hannu.

Sunana Yael. Ina zaune da mamata, Dina, a gidan haya a Anguwan Rukuba. Ɗakin da ke kallon namu na Oga Fabian ne, mai gyaran janareto da injin ban ruwa. 'Yarsa Nmachi tsarata ce, wata biyu ne tsakaninmu. Su Igbo ne, amma a Jos aka haife ta, kuma Hausarta ta fi tawa gudu. Ita ta gama sakandare. Ni tun ina shekara goma sha uku nake wanke karas a kasuwar Farin Gada, daga asuba zuwa azahar, a ruwan da ke sa yatsu su mutu.

A watan Fabrairu aka yi sanarwa a coci cewa gwamnati za ta biya wa matasa kuɗin koyon aikin sola, wata shida, da takardar shaida a ƙarshe. Kowace mazaɓa an ba ta kujerar mace ɗaya. Sharaɗi biyu ne: takardar sakandare, da takardar indijin, wadda ke nuna kai ɗan asalin jihar ne.

Da muka dawo gida Nmachi ta zauna a kan bokiti tana dariya.

"Yael, kin gani? Ke kina da indijin ba sakandare. Ni ina da sakandare ba indijin. Idan aka ɗinke mu wuri ɗaya, mun zama mutum."

"To wa zai ɗinke mu?"

"Kawunki mana! Ba shi ke riƙe da fom ɗin mazaɓa ba?"

Gaskiya ne. Kawu Mwadkon, wan mamata, yana cikin kwamitin da ke raba fom, kuma an san kwamitin yakan kau da kai a kan sharaɗi ɗaya idan ya ga dama. Nmachi ta riga ta tsara komai. Ita za ta shiga, tunda tana karanta Turanci. Duk abin da aka koya musu da safe za ta juya mini shi da Hausa da yamma. Bayan wata shida mu buɗe shago mu biyu, ita takarda da magana da kwastoma, ni hawa rufin gida.

"Ki gaya masa a nan aka binne cibiyata, bayan bangon can," in ji ta. "Ki ce garinmu sau biyu na taɓa zuwa, duka biyun jana'iza. Ki buɗe baki fa, Yael. Kar ki je ki tsaya kina kallon ƙafarki kamar an yi miki sabon takalmi."

Na ce zan faɗa. Na rantse mata da hannu a ƙirji.

Ranar Laraba na je gidan Kawu a Jos Jarawa. Ban yi zaton zan tarar da mutane ba. Maza huɗu ne a baranda suna shan gwate, kowa da kwanonsa. Na durƙusa na gaishe su, muryata ko ni ban ji ta ba.

"A'a! 'Yar Dina!" in ji Kawu. "Yau rana ta fito ta ina? Ku dube ta, wannan a shekara kalma goma take yi, ta riga ta kashe uku."

Suka kwashe da dariya. Na ce, "Kawu, maganar fom ne."

"Fom! Na gode wa Allah. Tun makon jiya nake ce wa matata, yarinyar nan sai ta tsufa cikin ruwan karas ne? 'Ya'yan mutane har goma sun zo, na ce a'a, ina da tawa." Ya kira ɗansa ya kawo jaka. Ya ciro takarda ɗaya, ya shimfiɗa a gwiwarsa. "Maganar sakandare ki bar mini. Zan rubuta kin iya aikin hannu. Y, A, E, L, ko?"

A nan ne ya kamata in ce ba ni ba ce. Sunan Nmachi yana bakina, ina jin sa kamar ƙwallon dabino. Mutanen nan huɗu suna kallona. Na daɗe ina gaya wa kaina kunya ce ta hana ni, kuma akwai kunyar. Amma da na ga biro yana zana sunana a takardar gwamnati, wani abu ya yi mini daɗi a ciki. Ban taɓa ganin ana rubuta sunana a kan wani abu mai hatimi ba.

Na ce, "I, Kawu."

Nmachi tana bakin ƙofa tana jirana. Na ce mata Kawu ya ce zai duba. Ta rungume ni, ta saya mini masara gasasshiya. Mako biyu ina ce mata yana dubawa. Ita kuwa ta samo littattafai a wurin wani ɗalibi, tana karanta su a kan benci, tana kirana in zo in ga hoton batir.

Ranar da aka liƙa sunaye a bangon makarantar firamare ita ta fara zuwa. Na dawo daga kasuwa na same ta tana wanki a tsakar gida. Ba ta ɗago ba.

"Barka da arziki, injiniya," in ji ta.

Na tsaya a gefen bahon wankinta.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Kin faɗi sunana ya ƙi? Idan haka ne ba komai, na saba. Tun firamare ake ce mini in koma garinmu."

"Ban faɗa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Akwai mutane a wurin."

"Akwai mutane." Ta matse zane har ruwan ya fallatsa mini a ƙafa. "Mako biyun nan fa? Da kika ci masarata, akwai mutane?"

Mamata ta leƙo ta ce, "Nmachi, 'yata, ki yi haƙuri, wani zai zo baɗi." Nmachi ta ce, "Mama Yael, baɗi ma ba za a sake haihuwata a garinku Barikin Ladi ba." Ta kwashe wankinta ta shiga ɗaki.

Aka fara karatu a watan Afrilu, da ruwan farko. An ba mu shuɗiyar riga ta aiki da takalmi mai nauyi da littafi mai kauri. Kullum da safe mu dangwala yatsa a wata na'ura kafin mu shiga. Mu talatin ne, mata bakwai.

Aikin hannu bai ba ni tsoro ba. Tun ina ƙarama nake miƙa wa Oga Fabian sifana. Malaminmu, Malam Natana'el, ya ga yadda na fere waya ban ji wa jan ƙarfen ciwo ba, ya ɗaga ta sama ya ce kowa ya duba. Ranar da aka hau rufi maza biyu suka kasa miƙewa tsaye, ni na ɗaure farantan sola uku. Amma wannan rabin rana ne kawai. Sauran rabin ana zaune a aji, yana rubutu a allo da Turanci, lambobi da haruffa a cakuɗe. Nakan kwafa kamar mai zana fure. Kafin in gama layi ɗaya ya goge allon. Idan ya ce akwai tambaya sai in sunkuyar da kai.

Da yamma in dawo in zauna a ƙofarmu da littafin a cinya. Taku shida ne zuwa ƙofar Nmachi. Ina jin ta tana soya albasa, ko tana faɗa da ƙaninta. Ta daina zama a benci. Idan muka haɗu a famfo takan ce "sannu", in ce "sannu", kamar baƙin da suka haɗu a layin asibiti. Oga Fabian bai taɓa ce mini komai ba. Ya dai daina cewa in miƙo masa sifana.

A mako na shida aka yi jarrabawar rubutu. An faɗa tun farko cewa wanda ya faɗi shi ke nan, don gwamnati ba ta biya wa mutum sau biyu. Tambaya arba'in. Na gane kalmomi a cikin tara. Wata tambaya an zana batir huɗu a jere, na san yadda ake haɗa su, da an ba ni a hannu da na haɗa ido rufe, amma ban san me ake so in rubuta ba. Na zauna ina kallon takardar har aka ce a ajiye biro.

Ranar Litinin sunana yana ƙasan jan layi, tare da wasu biyar.

Ban tafi gida ba. Na je ofishin shugabar wurin, wata mata mai tabarau da ake kira Madam Loyis. Na ƙwanƙwasa ƙofa na shiga. A ranar na yi maganar da ta fi kowace tsawo a rayuwata. Na gaya mata yadda aka yi a barandar Kawu. Na ce akwai yarinya a gidanmu da ta riga ta karanta littattafan nan, za ta kamo su a mako ɗaya. Na ce a ba ta kujerata, da rigar, da takalmin, ƙafarmu ɗaya.

Madam Loyis ta cire tabarau ta goge ido. Ba ta yi mini tsawa ba, shi ya fi ciwo.

"'Yata, da sunanki da yatsanki aka biya. Na'urar nan ke kaɗai ta sani. Ko ni ba zan iya sauya suna ba."

"To kujerar fa, Madam?"

"Za ta zauna haka har Satumba."

"Ba kowa a kai?"

"Ba kowa. Ki kawo riga da takalmin gobe, ki sa hannu."

Rana ba ta faɗi ba na isa gida. Ƙofar su Nmachi a buɗe, ga babbar jaka a ƙasa, tana cusa kaya. Na tsaya a bakin labule na gaya mata duka, har abin da Madam ta ce. Ta saurara ba ta katse ni ba.

"Wato ke ba ki samu ba, ni ban samu ba," in ji ta. "Kujera ce ta ci moriyar gwamnati."

"Ina za ki?"

"Aba, wurin Anti Gertrude. Tana da shagon yadi. Sun ce a can ina da indijin." Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Igbo ɗina ma dariya suke yi masa. 'Yar Hausa suke ce mini."

"Nmachi, ki yafe mini."

Ta ja zif ɗin jakar, ya maƙale, ta sake ja. "Da kin zo da littafin nan ko sau ɗaya, da na karanta miki. Da na zage ki tukuna, amma da na karanta. Kullum ina ganinki ta taga kina riƙe da shi. Na ce bari in ga ko wannan karon za ta buɗe baki."

Zif ɗin ya rufe. Ta ce motarsu ƙarfe bakwai za ta tashi, ta saki labule.

Washegari da safe ana yayyafi. Na fito na tarar da jakar a tsakar gida, na ɗauka na ɗora a kai. Ta dube ni, ba ta hana ba. Na kai mata bakin titi, muka tsaya har keke ya zo. Bayan ya sha kwana na koma ɗaki, na ninke shuɗiyar rigar, na goge takalmin, na sa su a leda, na kama hanyar makarantar sola a ƙafa.