Sunan Ɗan Fari a Gaban Alƙaliya

Ran da za a saurari maganar korar Uzairu daga ƙasar Turawa, ko kokon safe Malam Ishiyaku bai tsaya sha ba. Ya bar gyaɗarsa a shanye a ƙauyensu Nariya, ya goya matarsa Jumai a babur, sai Rano, shagon ƙaninta Murtala mai cajin waya, don can ne sabis ba ya yankewa.

Uzairu ɗansu ne na fari. Ya daɗe a can yana tuƙa motar kaya, da takardar zamansa lafiya lau. Da matarsa Afra'u ta haihu, sai ya sayo rago ya yanka a bayan gidan haya, yadda ya tashi ya ga ana yi. Maƙwabta suka hango jini, suka kira 'yan sanda, aka ce ya azabtar da dabba. Da ya bugo waya, Malam ya ce masa, "Ka amsa laifi ka ba da haƙuri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne." Yaro mai jin magana ya amsa, aka ci shi tara, ya koma gida yana murna. Ashe gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago. Ma'aikatan shige da fice suka ce tunda da bakinsa ya amsa, ya zama mai laifi, zamansa ya ƙare. Suka tsare shi, sai jirgi ake jira, ya bar mata da jaririya.

Lauyar da Afra'u ta samo ta ce da sauran dabara: uban ya ba da shaida ta waya mai hoto.

Kafin azahar shago ya cika maƙil, 'yan acaɓa har kan taga.

"Malam, gyara hular nan," in ji Murtala. "Kada Turawa su ce yayata manomin gyaɗa ta aura."

"Kai dai riƙe waya, sarkin surutu. Gwangwanin da babu komai ya fi ƙara."

Sai ga kotu ta fito a waya. Ga alƙaliya mai furfura, ga Afra'u rungume da jaririya, ga Uzairu a gefe ya rame. Jama'a suka ɗauki salati.

Tafinta ya ce, "Baba, alƙaliya ta ce ka faɗi sunan wanda kake wa shaida."

"Ai yaron nan ne. Ga shi can zaune."

"Sunansa take so ta ji daga bakinka."

Nan fa ake yin ta! Tun ranar da aka raɗa sunan, bai taɓa fita daga bakin Malam ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, haka iyaye suka bar mana.

Lauyan gwamnati ya miƙe ya yi magana. Tafinta ya ce, "Wai shaidan da bai san sunan mutum ba, yaya za a yi ya san halinsa?"

Murtala ya buɗe baki, tafinta ya ce, "Ba kai ba, maigida!"

Jumai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sa yatsu a kunne. "Faɗi, Malam. Ni na toshe, ba zan ji ba."

Malam ya dubi jaririyar, ya gyara zama, ya ɗaga murya kamar mai kiran salla. "Uzairu! Uzairu ɗan Ishiyaku na Nariya!"

Shago ya ɗauki sowa. Malam kuwa, sai ka ce madatsar ruwa ta ɓalle. Ya ce shi ya koya masa yanka: a shayar da rago ruwa, a wasa wuƙa inda ba ya gani, a gama kafin ƙiftawar ido. Ya ce yaron nan ko akuyar wani ta shiga gonarsu da lallami yake fitar da ita. Ya ce amsa laifin nan umarnin uba ne, don a wurinmu ba da haƙuri ladabi ne. Tafinta har yana haki wajen bin sa.

Alƙaliya ta tambayi Uzairu ko an gaya masa amsawar za ta ci zamansa. Ya ce ko kusa. Ta yi rubutu, ta ɗago kai.

"Baba," in ji tafinta, "an dakatar da kora! Za a sake shi yau, a mayar da magana kotun farko a sake dubawa."

Jumai ta rangaɗa guɗa. 'Yan acaɓa suka danna hon, mai shayin da ke maƙwabtaka ya shigo da butarsa a hannu yana tambayar wa ya ci zaɓe.

Uzairu ya matso kusa da waya yana share ido. "Baba, don Allah sake faɗar sunan nan."

"Kai, tafi can, marar kunya! Matsa min in ga jikata."